Kibiyar Yaya Ta Ƙi Motsi

A gidansu kowa Auta yake kiranta, don ita ce ƙarama. Tana aji shida a firamare. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ta gani sai ta taɓa.

Yayarta ta gama karatun zanen gine-gine. Da sakamako ya fito, Kawu ya aiko mata da sabuwar kwamfuta, irin wadda ake rufewa kamar littafi. Launin toka ce, sai sheƙi take yi. Yaya ta zuba duk zanenta a ciki. Akwai gidaje, akwai makarantu, har da wani asibitin yara mai manyan tagogi.

Ana nan sai wani kamfanin gine-gine ya kira Yaya. Suna son ganawa da ita ta bidiyo ranar Asabar da yamma, ta nuna musu zanenta daga kwamfuta. Idan ya burge su, za su ɗauke ta aiki. Idan lokaci ya yi ba ta shiga ba, za su wuce kan wani.

Ranar Asabar da safe Yaya ta ɗora kwamfutar a kan teburin falo. Ta duba zanenta, ta rufe.

"Auta!"

"Na'am, Yaya."

"Zan je karɓo rigata wajen tela. Kin ga wannan? Da ido ake kallonta."

"Kai, Yaya! Ni da ko kusa da ita ban je ba."

"Ai na san ki ne. Hannun nan naki ya fi ƙafarki sauri."

Yaya ta fita. Umma tana kicin, Baba yana wanke mota a waje, Kaka kuma tana gyangyaɗi a ɗakinta. Auta ta fito daga wanka ke nan, ta lafta man shafawa a hannu da ƙafa. Ta wuce ta gaban teburin. Ta dawo ta sake wucewa.

"Buɗewa kawai zan yi," ta ce a ranta. "Ai buɗewa ba taɓawa ba ce."

Tana ɗaga murfin sai fuskar kwamfutar ta kawo haske. A ƙasan madannai akwai wani ɗan fili mai santsi, wanda ake shafawa da yatsa. Auta ta ɗora yatsa a kai. Wata 'yar kibiya ta motsa a fuskar kwamfutar. Ta ja dama, kibiya ta bi dama. Ta yi da'ira, kibiya ta yi da'ira.

"Iye! Ashe kina jin magana!" in ji Auta. Ta ƙyalƙyale da dariya.

Ta danna wannan harafi, ta danna wancan. Can sai ta lura da wani abu. Ko'ina shatin yatsunta ne, maiƙo sai ƙyalli yake yi. Yaya na gani za ta san aikin wane ne.

Wuf ta ɗauko tsumma. Ta shiga goge madannai da ƙarfi, daga wannan gefe zuwa wancan, sama da ƙasa. Tana cikin gogewa sai wani ɗan hoto ya bayyana a fuskar kwamfutar. Kamar ƙaramin akwati ne da aka ja wa layi a karkace. Nan take ya ɓace. Auta ba ta tsaya tunani ba. Ta rufe kwamfutar, ta cusa tsumman a ƙarƙashin kujera, ta ɗauki littafi kamar mai karatu.

Bayan an ci abincin rana, Yaya ta zauna don ta yi gwaji. Ta buɗe kwamfuta, ta shafa ɗan filin. Kibiya ta tsaya cak. Ta sake shafawa. Ko gezau.

"Umma! Baba! Ku zo ku gani!"

Kowa ya taru a falo, har da Kaka da sandarta.

"Kibiyar ta ƙi motsi," in ji Yaya. "Idan ba ta motsa ba, ba zan iya buɗe zanena ba."

"Kawo na ɗan bubbuga ta," in ji Baba. "Haka nake yi wa rediyona, kuma yana jin magani."

"Haba Baba! Sabuwa ce fa!"

"To ku kai ta rana ta sha ɗumi," in ji Kaka. "Ni ma idan gwiwata ta ƙi motsi, rana nake shiga."

Yaya ta danne madannin kunnawa har kwamfutar ta mutu, sannan ta sake kunna ta. Ta rubuta kalmar sirri, ta shiga. Kibiya tana nan inda take. Ta jona caji, ta jira kaɗan, ta sake gwadawa. Shiru.

"Haruffa suna aiki," in ji Yaya. "Haske ma yana nan. Wurin shafawar ne kawai ya mutu. Da muna da maus da na jona."

"Mene ne kuma maus?" Kaka ta tambaya.

"Wani ɗan abu ne da ake ja da hannu, Kaka. Ma'anar sunan ɓera."

"Ɓera? A gidan nan? Wanda duk ya shigo mini da ɓera, da shi da ɓeran za su kwana a waje."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Baba ya aiki Auta maƙwabta ko suna da shi. Ta je ta tarar da ƙofa a kulle. Da ta dawo, sai ta ga Yaya ta haɗa kai da gwiwa. Sabuwar rigar tana rataye a bayan ƙofa, ba wanda ya kula ta.

"Tashi mu kai ta shagon masu gyara," in ji Baba.

"Baba, shagon yana can ƙarshen gari. Kafin mu je mu dawo, sun kira wani." Yaya ta ɗago kai. "Shekara nawa ina zanen nan. Sai yau, sai yau za ta yi mini haka?"

Hawaye ya gangaro mata. Auta ba ta taɓa ganin Yaya tana kuka ba. Idan ta yi magana, za a yi mata faɗa. Idan ta yi shiru, Yaya za ta rasa aiki.

Ta matso a hankali.

"Yaya."

"Don Allah ƙyale ni, Auta."

"Yaya, ni ce. Ni na goge ta."

Yaya ta miƙe zumbur. "Kin goge? Kin goge me? Zanena? Asibitin yaran ma kin goge shi?"

"Wayyo!" in ji Umma, ta dafe ƙirji. "Aikin shekara da shekaru!"

"A'a! A'a!" Auta ta fashe da kuka. "Ba irin wannan gogewar ba. Da tsumma na goge ta!"

Ta durƙusa ta zaro tsumman daga ƙarƙashin kujera. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Sannan ta faɗi komai, tun daga man shafawa har zuwa rufe murfi.

Baba ya haɗe rai. "An ce kada ki taɓa, kin taɓa. Kuma kina kallo muna ta wahala kika yi shiru. Makon nan babu ke babu kallon talabijin."

"To, Baba. Ku yi haƙuri."

Amma Yaya ta daina kuka. Ta share ido, ta kama hannun Auta.

"Tsaya. Da kika goge ta, a kunne take ko a kashe?"

"A kunne."

"Ke nan kin danna madannai da yawa a lokaci ɗaya. Kin ga wani abu ya fito?"

"Eh! Wani ɗan akwati da aka ja wa layi. Ya fito ya ɓace."

"Ashe ba lalacewa ta yi ba!" in ji Yaya. "Kashe wurin shafawar kika yi. Akwai madannin da ke kashe shi, shi ne kuma ke kunna shi. Zo, idonki ya fi nawa. Nemo mini hoton da kika gani."

Suka sunkuya tare. A layin sama na madannai akwai ƙananan hotuna. Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, hannunta a bayanta.

"Wannan rana ce. Wannan lasifika. Wannan jirgin sama. Yaya, ga shi! Ga akwatin!"

Yaya ta danna shi. Ta shafa filin. Kibiya ba ta motsa ba.

Auta ta ji kamar ta nutse a ƙasa. Amma Yaya ta ciji leɓe tana tunani.

"Dubi launin hoton," ta ce. "Shuɗi ne. Akwai wani madanni mai rubutu shuɗi?"

Auta ta duba. "Ga shi can ƙasa, a kusurwar hagu."

"To abokin aikinsa ke nan. Tare ake danna su. Tsummanki ya haɗa su bai sani ba. Ni zan riƙe na ƙasa, ke ki danna na sama."

"Ni? Ai an ce da ido."

"Yanzu ni na ce ki taɓa. Goge hannunki tukuna."

Auta ta goge hannu a siket ɗinta. Yaya ta danne na ƙasa. Auta ta danna na sama da ɗan yatsa ɗaya. Akwatin ya sake fitowa, amma wannan karon babu layi a kansa.

Yaya ta shafa filin. Kibiya ta zabura ta tsallaka fuskar kwamfutar!

"Ta tashi! Ta tashi!" Auta ta dinga tsalle. Baba ya yi tafi. Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Ba na ce muku ɗumi take so ba?" in ji Kaka. "Da kuka taru a kanta ai ta ji ɗumi."

Wannan karon kowa ya yi dariya.

Sai dai kibiyar tana ɗan zamewa, don akwai sauran maiƙo. Yaya ta kashe kwamfutar. Ta ɗauko wani ƙyalle mai laushi, busasshe, ta share filin a hankali.

"Kin gani? Sai an kashe ake sharewa."

Da ta kunna, kibiya ta daidaita. Zanen ma duk suna nan. Ta gwada sauti, yana fita. Ta gwada kamara, sai fuskarta ta fito dishi-dishi.

"Wata sabuwa kuma!" in ji Baba.

"Kada kowa ya firgita," in ji Auta. "Mu duba da ido tukuna."

Ta leƙa saman murfin. Wata siririyar leda ce manne a kan kamarar, tun daga kanti.

"Kada ku ɓare!" in ji Umma. "Ita ce ke nuna sabuwa ce." Umma dai ko rimot ɗin gidan a cikin leda yake.

"Umma, so kike su ɗauki hayaƙi aiki?" in ji Yaya.

Umma ta kawar da kai. Yaya ta ɓare ledar. Fuskarta ta fito fes.

Da lokaci ya yi, Yaya ta sa sabuwar rigarta ta zauna. Sauran suka koma ɗakin Kaka suka ja ƙofa. Ba mai ko tari. Suna jiyo muryar Yaya tana bayanin asibitin yara, da yadda iska za ta riƙa ratsa ɗakunan. Auta ta ƙanƙame hannun Kaka.

Can sai ƙofa ta buɗe. Yaya ta tsaya tana kallonsu.

"Sun ɗauke ni!"

Gidan ya kaure da murna. Umma ta rungume Yaya. Yaya ta ɗaga Auta sama ta juya da ita har suka faɗa kan gadon Kaka.

"Yaya, kin yafe mini?"

"Na yafe. Da kin ci gaba da yin shiru, da yanzu muna kan hanya, aiki ya wuce ni. Gaskiyar da kika faɗa ce ta nuna mana inda matsalar take. Daga gobe zan fara koya miki kwamfuta, amma ina zaune a gefenki."

"Hukuncin talabijin fa yana nan," in ji Baba.

"Na sani, Baba," in ji Auta, tana murmushi.

Tun daga ranar Auta ba ta taɓa kayan wani sai ta nemi izini. Idan kuma ta yi kuskure, ba ta ɓoyewa. Ta gane cewa idan abu ya lalace, faɗin gaskiyar abin da ya faru shi ne matakin farko na gyara shi.