W Uku na Abba

Ranar da wani saurayi ya zo saka manhajar kama layin ganin likita a shafin asibitin idon Abbanta, Auta ce ta miƙa masa kujera. Ya ɗago ya ce sannu, ita kuwa ta amsa da "lafiya lau", alhali ba wanda ya tambaye ta. Tun daga nan ta laƙaba masa Malam Manhaja, shi kuma yake kiranta Hasken Idona, wai ai a gidan ido ya tsince ta.

Ana gab da turo magabatansa sai ga tashin hankali. Wani ɗan damfara ya buɗe shafin bogi, ya liƙa manhajar a ciki don a yarda da shi, yana kwashe lambobin marasa lafiya.

Abba ya ce, "Sunana ne yake yawo a hannun ɓarayi ta dalilin yaron nan. Ya gyara in gani da idona, ko a bar maganar auren."

Auta ta san Abba ba ya magana biyu. Ta tura saƙo: "Malam Manhaja, wallahi tsoro nake ji. Kar mu rabu."

Ya amsa: "Hasken Idona, na kulle ta. Yanzu ba za ta buɗe ba sai a adireshin da na ba izini, kuma naku na saka. Ki yi mana addu'a."

Da safe suka tsaya a bayan kujerar Abba kamar masu jiran hukunci. Abba ya buɗe shafin bogin, allo ya nuna babu izini. Sai ya shiga danna adireshin asibitinsa da yatsa ɗaya, a hankali. Allo ya sake cewa babu izini.

Zufa ta karyo wa Malam Manhaja, yana rantsuwa ya gwada a wayarsa ta buɗe. Abba ya cire tabarau ya ajiye, abin da yake yi ke nan idan ya gama da magana.

Ta cikin hawaye Auta ta leƙa saman allon.

"Abba, W uku ka fara sakawa?"

"To da me ake farawa?"

Malam Manhaja ya dafe kai. Adireshin da ya ba izini babu www ɗin a gabansa, don duk asibitin ba mai rubuta su sai Abba. Malam Manhaja ya ƙara su nan take, manhajar ta buɗe, shafin bogin kuwa yana nan a toshe.

Abba ya daɗe yana kallon allon kafin ya mayar da tabarau.

"Yaron da ya hana ni shiga shafina, ai ɓarawo sai ya haƙura. Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Abba ya dafa kan Auta, ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya tsare muku gidanku."