Jar Motar Aksel Riis

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Mogens Dalgaard waya cewa an sace jar motar Aksel Riis da asuba. A garin Skovby na ƙasar Denmark ba a tambayar wace mota. 'Yar Italiya ce mai kujera biyu, ta girmi Sufeton kansa, kuma duk bazara ita ke gaba a jerin tsofaffin motoci. Shi ma Dalgaard, in baƙo ya zo, da ita yake cika baki kamar ta gidansu.

Ya tarar da Aksel a ƙofar gareji, tsoho mai tsabta, hanci a sama.

"Ba a fasa kwaɗo ba," in ji Sufeto.

"Ina za a fasa? Makulli biyu ne, ɗaya nawa, ɗaya na Preben bakanike. Sai ka yi lissafi da kanka."

"Yaushe rabonka da fitar da ita?"

"Tun kaka. Wane mahaukaci zai hau titi da ita ana zuba gishirin narkar da ƙanƙara? Tsatsa ce za ta cinye ƙasanta."

Dalgaard ya dubi titi. Ruwan da aka kwana biyu ana yi ya wanke gishirin tas, jiya kuma rana ta busar da hanya. Ɓarawon nan dai akwai haƙuri.

Kafin ya isa shagon Preben, labari ya riga shi. Mutum biyu sun zo sun janye motocinsu. A wannan sana'a suna ne jari, kuma na Preben yana zubewa a gaban idonsa.

"Shekara talatin ina shafa motar nan, Sufeto," in ji Preben. "Ko noti ban taɓa canja mata da na zamani ba. Yau ni ne ɓarawo?"

"Ina kake da asuba?"

"A gado. Matata ce shaida, in za ka yarda da matar da minsharina ya hana barci."

Sufeto ya ji tausayinsa, amma bai nuna ba.

Maƙwabciyar Aksel, tsohuwa Ebba, ba ta bari ya yi tambaya ba sai da ta ajiye masa kofi da burodi.

"Na ji ta mana, ɗan nan. Wa zai kasa jin wannan ruri?"

"Da gudu aka fita?"

"Wane gudu? An tayar da inji aka bar shi yana ɗumi. Na ɗora ruwa, na sha kofina, na wanke kofin, tana nan tana gurnani. Daga baya ta fita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai."

Ɓarawo ba ya jiran inji ya yi ɗumi. Masoyi ne ke jira. Matsalar ita ce masoyan motar biyu ne.

Dalgaard ya koma ofis ya kira wata mai gwanjon tsofaffin motoci a Copenhagen.

"Kasuwarsu ta yi sanyi," ta ce. "Tsofaffin da suka yi mafarkinta suna samari sun fara ƙarewa, masu kuɗin yanzu kuwa motocin yarintarsu suke nema. In injinta na asali ne, za ta yi krona miliyan biyu da rabi. Baɗi ma sai ƙasa."

"Inshora fa?"

"Farashin da aka yi yarjejeniya lokacin da kasuwa ke ci suke biya. Mai ita ya fi kowa sani, ai ya kira ni watan jiya, na faɗa masa gaskiya ya kashe waya."

Kamfanin inshora ya tabbatar: miliyan huɗu. Preben ba zai iya sayar da motar da kowa ya sani ba. Aksel kuwa ɓatanta ya fi masa sayar da ita riba.

Sai dai zato ba hujja ba ne. Dalgaard ya ɗauki Preben suka nufi gidan Aksel, ya ce wa bakaniken kada ya yi magana.

"Ka kawo shi ya amsa laifi?" in ji Aksel.

"Wata magana ce ta taso. Masana sun ce injin motarka ba na asali ba ne. Wai an musanya shi tun kafin ka saya."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma Sufeto bai ji kunyar yin ta ba.

Fuskar Aksel ta yi ja. "Waɗanne masana?"

"Na birni. Gobe ma zai fito a jarida. Duk shekarun nan gwangwani muke yi wa tafi."

"Gwangwani?" Tsohon ya miƙe tsaye. "Lambar injinta da ta jikinta tare suka fito daga masana'anta. Babu irinta uku a ƙasar nan. Tashi mu je in nuna maka da idonka."



"Mu je ina, Aksel?" Sufeto ya tambaya a hankali.

Aksel ya koma ya zauna.

"Tana rumbun gonar ƙanwata. Ba ta san komai ba." Ya share fuska. "Ita ce fanshona. Na zata kullum hawa za ta yi. Na kasa tsayawa a wurin gwanjo ina kallo ana yi mata tayin wulaƙanci."

"Shi ya sa ka bari a wulaƙanta Preben?"



Dalgaard bai sa wa Aksel ankwa ba, ya dai riƙe hannunsa zuwa mota. A bakin ƙofa Aksel ya tsaya.

"Kada ku sa janwe ya ja ta. Preben ya tuƙo ta. Duk Denmark babu hannun da na yarda da shi sai nasa."

"Ka maimaita wannan a ofis, a rubuta," in ji Sufeto.

Preben ya karɓi makulli, ya ɗaga kai a karon farko tun safe.

"Zan tuƙo ta," ya ce. "Ta tsakiyar gari zan bi, kowa ya ga wanda aka ba makulli."