Hannun da Bai Kai Sahara Ba

Allon da ke gaban Barira ya kawo haske, Dogon Hannu ya kama aiki. 'Yar na'ura ce da ba ta fi kwanon sha girma ba, amma da ita ma'aikaci yake zaune a ofis a Birnin Rumfa yana sarrafa manyan kwamfutocin da ake kira saba, waɗanda aka binne can cikin sahara. Har faifai yana iya zura musu daga nan. Faifan iska ake ce masa, don babu abin da za ka riƙe, amma duk sabar da aka juya Hannun gare ta sai ta karɓe shi tamkar da yatsu aka sa mata.

Ma'aikatan wurin suna da wata ɗabi'a da suke tinƙaho da ita. In mutum ya gama aiki ba ya cire faifan gyara, sai ya bar wa na bayansa, kamar yadda ake rage ruwa a buta. Wai kirki ke nan! To, ran nan Ɗanlami, abokin aikinta, ya goge wata tsohuwar saba da safe, ya yi wuf ya tafi sunan ɗan ƙanensa. Barira ta tarar da faifai a cikin Hannun, ta ɗauka na gyara ne, har ta sa masa albarka.

Ta juya Hannun kan sabar iskar Unguwar Ƙasa, ta kashe ta don ta sake tashi da faifan. Tun da zafi ya kori mutane daga doron ƙasa, dubban gidaje suka koma ƙarƙashinta, kuma wannan sabar ce ke juya fankokin da suke shaƙa da su. A can Inna, mahaifiyar Barira, take zaune da ciwon asmarta.

Saba ta tashi. Maimakon koren rubutun gyara, sai ja ya cika allo: ana gogewa.

Ashe faifan shara, mai goge komai, Ɗanlami ya bari!

“Innalillahi! Yallaɓai, zo ka gani!”

Injiniya Sambo, shugabansu, ya taso da kofin shayi a hannu. Yana kallon allon ya dire kofin ba shiri.

“Cire shi, Barira! Cire faifan!”

Ta danna, ta sake dannawa. Ina! Kibiyar allon ta ƙame wuri ɗaya. Sai a lokacin suka tuna cewa, don a rage wayoyi, ta cikin wannan sabar aka bi da hanyar Dogon Hannun kansa. Shara ta riga ta cinye hanyar.

“A tura mutum mana,” in ji ta. “Maɓalli ɗaya ne a jikin sabar, yatsa kawai yake so.”

Sambo ya zare hularsa, gumi na tsiyaya.

“Ta wace ƙofa?”

Wallahi ta manta. Bara waccan aka yi gagarumin biki, aka zuba kankare aka toshe ƙofar gidan sabobin, aka zuƙe iskar ciki don kada komai ya yi tsatsa. Manya suka yi jawabi cewa kuskure daga ɗan Adam yake zuwa, saboda haka ƙafarsa ta gama taka wurin. Barira tana sahun gaba ran nan, ta yi tafi har tafin hannunta ya yi zafi.

Sambo ya shiga kiran masu fasa dutse. Suka ce ko yanzu suka tashi, sai gobe su isa. Barira ta san iskar Unguwar Ƙasa ba za ta kai magariba ba, kuma Inna ba ta iya hawa matakala. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Wayarta ta yi ƙara. Inna ce.

“Barira, fanka ta tsaya, 'yar nan. Maƙwabta duk sun yi sama, ni kuwa kin san ƙirjina.” Ta tsaya ta ja numfashi da ƙyar, sannan ta ɗan yi dariya. “Na ce musu kada su damu, 'yata ce mai dogon hannun. Miƙa ki gyara mana, kin ji?”

“To, Inna,” in ji Barira.

Ta dubi hannunta a kan tebur. Ta miƙa shi iya tsawonsa, bai wuce gilashin allon ba.