Ragon Sunan da Ba a Yi Ba

A duk faɗin ƙasar Dutse, daga Limawa har kasuwar Shuwarin, babu mahaluƙin da ya kai Alhaji Idirisu sanin ciki. Shekara talatin yana dillancin tumaki da awaki, idonsa bai taɓa kuskure ba. Tunkiya ta gifta kawai, zai gaya maka watanta nawa, ɗaya ne a ciki ko tagwaye. Magana ce tabbatacciya, domin shi da kansa ya faɗe ta, kuma ya sha faɗinta.

Saboda haka ranar da ya tsaya a tsakar gida ya nuna Hamida da bakin carbinsa ya ce, "Wata biyar," babu wanda ya ga dalilin neman wata shaida.

Hamida tana durƙushe tana dama wa raguna dusa. Ta ɗago kai a tsorace.

"Baffa... wata biyar na me?"

"Na abin da kika sani! Ni za ki yi wa fuskar salihai? Ni da na shafa cikin tunkiya ya fi dubu?"

Allah Sarki Hamida! 'Yar wansa ce, marainiya, tun tana shekara goma sha ɗaya hatsarin mota ya ɗauke mata uwa da uba rana guda. Shekara takwas ke nan tana gidan Baffanta, kuma ba za a ce ba a ba ta matsayi ba: ita ce mai kula da raguna goma sha huɗu. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce yanka harawa, ita ce sharar turke, kuma dokar gidan ita ce sai raguna sun ƙoshi ake duba tukunya a ga ko wani abu ya rage. Haka ta tashi siririya kamar sillen kara, har wata rana bayan la'asar, a ƙofar masallaci, Modibbo, wani dattijo mai fataucin shanu, ya ga ta wuce da bokiti ya ce, "Alhaji, da marainiyar nan taka tunkiya ce, ai ko kyauta ba mai karɓa." Jama'a suka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Wani da ba shi da ilmi sai ya ƙara mata tuwo. Alhaji kuwa masani ne, yana da hanyar da ta fi sauri. Akwai wasu 'yan fararen ƙwayoyi da yake narka wa raguna a ruwa idan Sallah ta gabato, waɗanda 'yan kasuwa ke kira sha-ka-fashe. Ya ƙulla su a leda ya miƙa mata ya ce, "Maganin ƙarin jini ne. Biyu safe, biyu yamma." Hamida ta karɓa da hannu biyu tana hawaye, tana yi masa addu'a, domin a cikin shekara takwas wannan ne abu na farko da Baffa ya ba ta da hannunsa...

Ta yi ƙiba kuwa, amma wata irin ƙiba mai ban tsoro. Fuska ta kumbura ta yi faɗi kamar faifai, kitse ya taru a ƙeyarta kamar tozo, hannu da ƙafa suka ƙara tsukewa, ciki ya fito, fatarsa ta tsattsage da jajayen layuka. Daga baya al'adarta ta ɗauke. Ba ta da uwar da za ta tambaya, sai ta yi shiru tana ta shan maganin Baffa, wai ko jinin ne bai gama ƙaruwa ba.

"Wallahi Baffa ban san ɗa namiji ba!" ta ce, ta riƙe ƙafarsa. "Ka tuna ɗan'uwanka da ke kabari... ka kai ni asibiti a duba!"

"Asibiti? Yaran da aka haifa jiya ne za su koya mini ciki?"

Ya fizge ƙafarsa, ya watso mata 'yan tsummokaranta waje. Bai tsaya nan ba. Ya kwanto babban ragonsa, wani fari mai baƙin wuya, ya ɗaure a ƙofar gida inda duk masu zuwa masallaci za su gani, ya ɗaga murya: "Ga ragon suna nan, uban yaro ya fito ya karɓa! Saura wata huɗu. In suka cika babu goyo, na rantse da Allah ragon nan na bikinta ne, kuma ni zan ja shi da ƙafata har ƙofar gidan mijinta!"

Kafin azahar labari ya kai Takur, inda Musaddiq yake, malamin firamaren da aka sa musu rana da Hamida. Washegari mahaifiyarsa, Dada, ta aiko aka kwashe kayan sa-rana, har da alawar da tururuwa suka fara ci. Matan unguwa, waɗanda shekara takwas ba su lura yarinya na kwana da yunwa ba, sai ga shi kowace ta ce ita dama ta daɗe da lura da tafiyarta. A Islamiyya aka ce ta ɗan huta tukuna. In ta wuce, uwaye su janye 'ya'yansu kamar kuturta ce ta gifta.

Iyatu mai ƙosai ce kaɗai ta buɗe mata ƙofa, tsohuwar ƙawar mahaifiyarta. A ɗan ɗakinta mai warin mai Hamida ta kife kan sallaya tana kuka. "Ya Allah, ba ni da uba, ba ni da uwa, sunana kaɗai suka bar mini... Kai ne Ka san abin da ke cikin nan, ni ban sani ba. Ka wanke ni ko da ranar da za a wanke gawata ce!"

"Tashi, 'yar nan," in ji Iyatu, tana share nata hawayen da gefen zani. "Gawa ta ƙi. Da ranki za a wanke ki."

Ta kai ta ƙaramin asibitin unguwa, aka yi awo, aka ce babu ciki. Iyatu ta kai wa Alhaji takardar da gudunta. Ya riƙe ta a juye, ya ce, "Takarda ta ce babu, ciki ya ce akwai. Wa za mu yarda da shi?" Majalisarsa ta yaba da wannan hikima ƙwarai.

A ranar ne Musaddiq ya yi sallama a ƙofar Iyatu, idonsa jajir.

"Iya, Dada ta ce in na sake takowa nan ba ta yafe ba. Na roƙe ta kwana uku, yau ta ce in je in gani da idona. Ni ban yarda ba tun farko. Amma in ba ciki ba ne, to cuta ce, kuma muna nan muna musu tana cin ta. Mu tafi babban asibiti."

Likitar da suka samu, Dakta Zahra'u, ba ta fara da cikin ba. Ta dubi fuska, ta shafa ƙeya, ta ɗaga siraran hannuwan, ta sa aka yi hoton ciki aka ɗebi jini. Sannan ta ce, "Hamida, akwai maganin da kike sha?"

Hamida ta kwance bakin mayafinta a hankali. "Sai na ƙarin jini da Baffa ya ba ni. Ko da ya kore ni ban fasa ba... shi kaɗai ne abin da na fito da shi."

Likita ta zuba ƙwayoyin a tafin hannu ta daɗe tana kallo.

"Iya, ki saurara, ke za ki maimaita a unguwa. A saman kowace ƙoda Allah Ya ɗora wani ɗan abu kamar hula, yana sakin wani sinadari cikin jini, daidai gwargwado, kamar gishiri a miya. A ƙasan ƙwaƙwalwa kuma akwai wani kamar ƙwayar gyaɗa, shi ke ba shi umarni, shi ne kuma ke tsara wa mace al'adarta. Mutum da rago da akuya, duk abin da ke shan nono, tsarin ɗaya ne. Wannan ƙwaya kwaikwayon sinadarin nan ce. Magani ce a hannun likita, amma in aka ɗura ta haka, kitse ya taru a fuska da ciki, ruwa ya cika jiki, al'ada ta tsaya. Babu jariri a cikin nan, ko alamarsa babu. Kuma da ta yar da ƙwayar rana guda, da jikinta ya faɗi, wataƙila ma da an rasa ta, domin nata sinadarin ya yi barci. A hankali za mu janye ta."

Iyatu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, har ma'aikata suka leƙo. Hamida ta faɗi ta yi sujada a kan siminti. Allahu Akbar!

Ranar Juma'a aka taru a zauren mai unguwa. Musaddiq ya karanta takardar likita da ƙarfi, Iyatu ta zazzage ledar a kan tabarma. Alhaji ya gyara babbar riga zai yi jawabi, sai Modibbo ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwaya guda, ya kai kusa da idonsa.

"La ilaha illallahu! Alhaji, ai wannan ta raguna ce. Ni na ce ka ba yarinya abinci, ban ce ka shirya ta kasuwar Sallah ba!"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mai unguwa ya tambayi Alhaji ko shi ya ba ta. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya gyaɗa.

"Ranka ya daɗe," in ji Hamida daga bayan zaure, "ni ba na neman komai a kan Baffa. A ƙofar gida, gaban masu zuwa masallaci, aka ɓata sunana, a can nake so a gyara."

Haka aka yi. Bayan la'asar Alhaji ya tsaya a inda ya yi rantsuwa, ya janye maganarsa kalma bayan kalma, a gaban mutanen da suka ji ta farko. Dada ta zo da kanta ɗakin Iyatu ta durƙusa gaban yarinyar da ta haifi sa'arta, tana kuka tana cewa, "Ki yafe mini, 'yata." Hamida ta rungume ta. Aka dawo da kayan sa-rana, da sabuwar alawa.

Matan unguwa ba su fasa ƙirga watanni ba. Wata na shida ciki ya ragu, na bakwai fuskar mahaifiyarta ta fara dawowa kan fuskarta, na tara aka ɗaura aure. A Shuwarin kuwa, mai son a duba masa tunkiya yanzu yakan gaishe da Alhaji da ladabi, ya wuce da ita rumfar gaba.

Ranar walima, ana tsakiyar guɗa a Takur, wani ya hango mutum a bakin layi, da tsakar rana, ƙafarsa furu-furu da ƙura, yana jan igiya. Mai unguwa ya hana ƙwayar a unguwarsa tun ranar zaure, saboda haka farin ragon nan mai baƙin wuya ya sace kamar tayar keke, haƙarƙarinsa a waje. Mata suka dare suka ba shi hanya. Alhaji Idirisu ya durƙusa a ƙofar gidan Musaddiq, ya ɗaure igiyar a jikin turke, ya ja ƙullin sau biyu ya tabbata ya kama. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya juya ya kama hanyar gidansa na Limawa a ƙasa.