Abin da Ya Biyo Kawu Maharazu

Bayan magariba ne, ruwan sama ya ɗauke, ƙauyenmu Ruwan Bago ya yi tsit, ko kwaɗi ba sa kuka. Ina zaune a zaure, 'yata Zuwaira tana barci a tabarma, sai na ji sallama.

Kawu Maharazu ne, wanda ya daɗe da tafiya fataucin shanu Kamaru. Leɓunansa sun yi baƙi, jikinsa na warin ruɓaɓɓen ƙwai.

"Kawu! Sannu da hanya. Ina shanun?"

"Sun kwanta, Sabi'u. Wani tafki da ke kan dutse ne ya yi numfashi, ya huro muguwar iska, garin duk ya kwanta. Ko ƙuda bai tashi ba."

Yana sako ƙafa, fitilar da ke ƙasa ta mutu. Kajin da suka fake a zauren suka hau fuffuka, suka bushe. Akuyarmu ta faɗi tana shure-shure, tana buga kai da bango har jini ya ɓalle mata. Zuwaira ta fara kakari.

"Ɗaga yarinyar nan sama!" in ji Kawu. "Ƙasa-ƙasa abin yake bi. Tun daga can yake bina."

Na sunkuya, ƙirjina ya toshe kamar an danne ni da turmi. Kawu ya finciko ni ta wuyan riga, ya suri Zuwaira, ya ɗora min ita a kafaɗa.

"Tsaya a miƙe har ta yi kuka."

Bakinsa dab da fuskata yake maganar, amma ban ji hucin numfashi ba.

Ya juya ya gangara fadama, nesa da gidajen mutane. Na tsaya a miƙe har Zuwaira ta yi kuka.