Kwanson Furen Marigayi Halliru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku ɗan matso.

Ta zo mu ji ta.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar gari ta ce za ta sayar da ɗan lambun haya na unguwar Withington da ke Manchester. Da safen nan kuwa, hazo kwance kan furanni kamar mayafi, aka kira Sufeto Celestina Dung, 'yar Jos.

Hajiya Rabi'a ta tarye ta cikin furannin ayiris. Kowane reshe da zarensa.

"Mama, me aka sace?"

"Kwanson iri ɗaya, 'yar nan. Mu aurar da furanni muke yi. A ɗebo garin wannan a shafa wa waccan, sai a ɗaura zare biyu, launin uwa da launin uba, kada zuriya ta ɓace. Wannan shi ne auren ƙarshe da mijina Halliru ya ɗaura, shuɗi da fari. Kwanson bai nuna ba. In ya bushe da wuri, ya mutu."

Celestina ta duƙa. An yanke reshen da wuƙa, sauran kwansuna ba a taɓa su ba. Kwaɗon ƙofa lafiya lau.

Ta nufi Nuru, mai riƙon mukulli.

"Wa ka ba?"

"Ni? Ko matata ban ba!"

"To, kai ne ke nan. Mu je ofis."

"Haba ranki ya daɗe! Ƙanin marigayi ne, Ɗan'azumi. Addu'a ya ce zai yi a wurin."

Ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, inda Ɗan'azumi yake zaune, gonaki na wucewa kamar a mafarki. A unguwar Balsall Heath, Ɗan'azumi ya ba ta shayi yana jan carbi.

"Rabona da Manchester tun jana'iza," in ji shi.

Ita kam carbin take kallo. A wuyan carbin ga zare biyu a ƙulle, shuɗi da fari.

"Baba, wannan zaren fa?"

"Haka na saye shi."

"Har da ƙasar lambu a jikinsa?"

Hannunsa ya tsaya. 

"Yaya ne ya ƙulla da hannunsa. Na kasa yar da shi." Ya shafa zaren. "An ce za a rushe lambun. Ita tana da 'ya'yansa, tana da gidansa. Ni ko hularsa ban samu ba."

"Ina kwanson?"

"Na shanya shi kan hitar ɗumama ɗaki, kamar irin kuɓewa."

Wayyo! Celestina ta zabura ta ɗauke shi. Gefe ɗaya ya riga ya ƙandare, ɗayan da sauran danshi. Ta naɗe shi a hankici kamar jariri.

"Sa takalmanka, Baba."

Ya bi ta ba musu.

Ɗan'azumi dai gargaɗi aka yi masa aka sake shi, don Hajiya ta ce ba ta shari'a da ƙanin miji. Nuru an karɓe mukulli. Lambun ya zama wurin ajiye motoci. Celestina ta koma kan masu satar keke. Irin kuwa, uku suka tsiro: biyu suna tagar Hajiya a unguwar Rusholme, ɗaya yana wurin Ɗan'azumi a Balsall Heath. Har yau ba su yi fure ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.