Shatin Tsirkiya

Kibiyar ta kauce wa buhun da kusan taku uku, ta je ta cake a gindin darbejiya, nesa kaɗan da inda Saude ke jiran abin hawa a bayan makarantar da take koyarwa a Gusau.

Mai harbin ya taho da gudu, baka a hannu, gumi na zuba.

"Don Allah ki yi haƙuri, Malama. Yau kwanana huɗu da farawa."

"Ai na gani. Duk filin nan buhun ne kaɗai ke zaune lafiya."

Ya yi dariya har da dafe ciki. Sunansa Yusha'u, mutumin Tsafe, gyaran waya yake a kasuwa. A waya ya ga ana wasan harbi ya ji yana so, ya sa aka kawo masa baka daga Kano, ya cika buhu da ƙaiƙayi, kullum bayan la'asar yana nan yana fama.

Da ta bi ta hankalinta da ta wuce. Shekara biyu ke nan rabon da ta ɗaga ido ta kalli baka, tun ranar da yayanta Mahadi ya rataya kwarinsa ya bi 'yan sa-kai cikin daji, aka dawo da shi a naɗe cikin tabarma. Bayan nan ne suka bar ƙauyensu suka tare a Bungudu. Amma sai ta ji bakinta ya ce, "Ba ni in gwada."

Ya nuna mata yadda ake tsayawa a karkace, yadda ake ɗana kibiya, yadda ake jan tsirkiya har ta taɓa haɓa. Ta saki. Tsirkiyar ta zabge ta a cikin hannu kamar bulala, kibiyar kuwa ta kama gefen buhun. Wani abu da ya daɗe a tokare a ƙirjinta ya ɗan sassauta.

Washegari ta dawo. Jibi ma haka.

Kafin wata uku ta fi malamin nata saiti, shi kuwa ya daina ɓoye abin da ke ransa. Saƙonsa kan riga ta isa gida:

"Maharbiyata, yau sau bakwai kika sami tsakiya, ni sau biyu. Na haƙura da buhu. Ki ba ni izini in turo magabatana."

Ta amsa: "Malamina, ka turo. Amma kada maganar baka ta fito daga bakin kowa a gidanmu."

Maganar ta fito, ta bakin Kabiru. Ɗan ƙanwar babanta ne, direba a hanyar Gusau zuwa Bungudu, sau biyu yana neman ta tana cewa a'a. Wata Alhamis tana ɗaga jaka za ta sa a motarsa, hannun rigarta ya zame, ya ga shati ja da baƙi kwance a fatarta. Ya bi sawu har ya gano filin. Ya je ya samu kawunsa ya ce yaron da ke nemanta ɗan sa-kai ne, kuma tun ba a ɗaura ba ya fara dukan ta.

Baban nata, Malam Mu'azu, ya kira ta bayan azahar.

"Naɗe hannun rigarki."

Ta naɗe. Ya daɗe yana kallo.

"Kabiru sitiyari kaɗai ya sani. Wanga ba duka ba ne, tsirkiya ce. Gwiwar hannu kike turawa ciki." Muryarsa ta yi ƙasa. "Haka na Mahadi ya yi sati ukun farko, har sai da na ɗaura mishi fata. Ni na koya mishi, Saude. Da hannuna na sassaƙa bakan da ya tafi da shi."

Ba ta taɓa sani ba. Inna da ke bakin murhu ta juya musu baya.

"Na ba baka ɗa guda. Ba ni ba shi ɗiya."

Da magabatan Yusha'u suka zo daga Tsafe, an ba su ruwa, an yi musu godiya, an raka su bakin mota. Ko goronsu ba a buɗe ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Maharbiyata, ki fahimtar da Baba. Wasa ne kawai, motsa jiki. Harbi ma ai sunna ne."

Ta karanta sau uku, ranta na ƙuna. Ta rubuta: "Mahadi ma haka ya ce." Ta kashe wayar.

Sati uku ba ta je filin ba. Ta rame, ta daina hira da malamai 'yan'uwanta. Kabiru ya fara kawo wa Inna lemo da kankana, yana zama a zaure kamar an riga an ba shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba Yusha'u kaɗai take kewa ba. Yatsunta ma nema suke su ja wani abu.

Ranar wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Yusha'u ne shi kaɗai, bakan naɗe cikin zane, kibau shida a hannu. Ya durƙusa a gaban Malam Mu'azu ya ajiye.

"Baba, na yi magana ban san ciwon gidan nan ba. Ga shi. Duk abin da ka yanke."

Tsohon ya ɗauki kibiya ɗaya ya juya ta. Ba kunnen da zai maƙale a nama, ba dafi, baki a dakushe. Ya taɓe baki.

"Da wanga ko zomo dariya zai yi maka."

Ya miƙe, ya sa ƙafa ya tanƙwara bakan ya ɗaura tsirkiya cikin ƙiftawar ido. Akwai tsohuwar ƙwarya kife a kan katanga, can ƙarshen gida. Bai ko tsaya auna ta ba, ya saki kibiyar. Ƙwaryar ta tsage biyu ta faɗi. Saude na bakin ƙofa tana kallo.

Ya zaro wuƙa daga aljihu ya yanke tsirkiyar.

"Yaro, kana da kunya, kuma ba ɗan sa-kai ba ne kai, ko makaho ya gani. Na ba ka ita. Amma muddin ina numfashi, daga kai har ita har abin da za ku haifa, ba mai riƙe baka. Ka yarda?"

"Na yarda, Baba."

"Ke fa?"

Ta so ta ce masa a filin nan ne kaɗai take tuna Mahadi a tsaye yana dariya, ba a tabarma ba. Ta dubi furfurar da ta cika gemunsa cikin shekara biyu, ta haɗiye.

"Na yi alkawari, Baba."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a a Bungudu. Kabiru bai zo ba, ya ce yana da lodi zuwa Sakkwato. Ba a tsaya dogon biki ba, don kowa na son motocin amarya su wuce Gusau su isa Tsafe da sauran rana.

A zaure Malam Mu'azu ya dafa kanta.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Allah shi ba ku zuri'a, Shi sa su ne za su rufe ku, ba ku za ku rufe su ba."

Inna ta ce amin tana share ido da gefen mayafi.

A Tsafe, bayan 'yan rakiya sun fita tsakar gida cin abinci, Yusha'u ya shigo ya zauna a bakin gado. Ya buɗe baki zai kira ta da sunan da ya saba, ya fasa.

"Saude. Kin yi nadama?"

"A'a. Kai na zaɓa, ko gobe kai zan zaɓa." Ta kama hannunsa. "Amma ka bar ni in yi kuka yau. Ba naka ba ne, na Mahadi ne. Tun da ya rasu ba a bar kowa ya yi shi a gidanmu ba."

Bai ce ta yi haƙuri ba. Ya jawo ƙofa ya rufe, ya dawo ya zauna kusa da ita har ta gama.

Allah Ya bar su tare, Ya ji ƙan waɗanda ba su ga ranar ba.